Lambar da Ta Kwana a Kan Ƙusa

Shekara ashirin da shida na yi ina aikin ɗakin fitila a bakin ramin haƙar ma'adinai na Akokan. Ban taɓa fasa ko dutse ɗaya ba. Sau uku kacal na sauka ƙasa, shi ma don a nuna mini inda fitilun da nake bayarwa suke zuwa. Aikina a bayan taga yake. Kowane ma'aikaci yana da lambarsa, wani ɗan ƙarfe zagayayye kamar kwabon da, mai huda a sama. In zai sauka sai ya miƙo mini lambar ta taga, in ba shi fitilar hularsa da batirinta, in rataye lambar a kan ƙusarta a jikin wani babban allon katako da ke bayana. In ya fito ya maido fitila, in ciro lambarsa in ba shi. Iyakar aikin ke nan. Dokar da ke kansa ce mai nauyi: muddin akwai lamba ko ɗaya a kan allo, to akwai rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba a tashin nakiya, ba a rufe ɗaki, mai taga kuma ba ya sakin jiki sai an san inda mai lambar yake.

Ni Bagobiri ne, daga wani ƙauye kusa da Tsibiri. Mahaifina ya karɓi bin Almasihu tun yana saurayi. Kakana kuwa malami ne mai allo da tawada, ya yi fushi na wani lokaci amma bai kore mu ba, kuma a zaurensa na koyi ajami. Da shi nake karanta Maganar Allah har yau, don boko bai taɓa zauna mini a ido sosai ba. Da na kama aikin taga sai na riƙa yanka 'yan takardu ina rubuta sunan kowane mutum ina liƙawa a ƙarƙashin ƙusarsa. Wata rana shef ɗinmu, wato shugaban aikinmu, wani bature, ya tsaya ya daɗe yana kallon allon, ya tambaya ko layu ne. Na ce masa sunaye ne. Ya ce ai lamba ta isa. Na ce lamba ba ta da uwa. Ya yi dariya ya wuce, bai sa an cire ba.

Mu uku ne a tagar muna karɓar juna, amma wanda ya fi karɓata wani Bazabarme ne mutumin Doso, musulmi, dogo, bakinsa kullum ja da goro. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme. Ban taɓa jin ya kira ni da wani abu ba sai "bawana", ni ma da shi nake rama masa. Sai dai in lokacin miƙa aiki ya yi, wasa ya tsaya. Duk lambar da ta yi saura a allo bayan abokan saukarta sun fito, sai in ɗora yatsa a kan ƙusar, in faɗi lambar, in faɗi sunan mai ita da ƙarfi, shi kuma ya maimaita. Daga lokacin da ya maimaita, mutumin ya sauka daga wuyana ya hau nasa. In ɗauki hulata in tafi gida in ci tuwo.

'Ya'yana uku ne, biyu mata suna aure a kudu, namiji ɗaya, shi ne na fari. A wajenmu mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Bin Almasihu bai raba mu da wannan kunya ba. Fastoci sun yi wa'azi a kai ba sau ɗaya ba, mu ce amin, mu koma gida mu ci gaba da abinmu. Ran da aka yi masa baftisma, da fasto ya ambaci sunan, ƙasa na duba. Uwarsa "yaron nan" take ce masa har ya yi gemu. Ni kuwa "kai" nake cewa, in yana nesa in aiki wani ya kira shi.

Da ya girma ya koyi aikin wutar lantarki, aka ɗauke shi a rami, aka ba shi lamba ɗari huɗu da sha biyu. Na ji daɗin lambar nan fiye da yadda zan iya faɗa, don na sami abin da zan kira shi da shi a gaban kowa ba tare da na sunkuyar da kai ba. Ƙusarsa ce kaɗai a duk allon ba ta da takarda a ƙasa. Wani lokaci gyara yakan riƙe shi a ƙasa har lokacin tashina ya yi. Sai in ɗora yatsa in ce, "Ɗari huɗu da sha biyu," in yi shiru. Bazabarme ya dube ni ya ce, "Suna fa, bawana?" In ƙi magana. Ya tofar da goro ya faɗi sunan da kansa, ya ƙara da cewa, "Kunyar banza ta Gobirawa." In ɗauki hulata in fita, amma ba na zuwa gida. Akwai wani benci a inuwar bangon waje, can nake zama kamar mai hutawa, sai na hango shi ya fito daga motar da ke hawo da su sannan in miƙe in yi gaba kafin ya gan ni.

Shekara shida yana sauka. Kullum in na rataye lambarsa sai in yi 'yar addu'a a ciki, in na ciro ta in yi godiya. A majami'a ana ganina dattijo mai bangaskiya. In wani ya yi rashi ni ake turawa in zauna da shi, in ce masa ya dogara ga Ubangiji, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa. Ban san dogarata ta yi mini sauƙi ba ne saboda kullum lambar tana dawowa hannun mai ita.

Sai aka rufe ramin. Ran ƙarshe aka ce kowa ya tafi da lambarsa in yana so. Na tsaya ina kallon allon ba kome a jikinsa sai ƙusoshi da 'yan takarduna, abin da ban taɓa gani ba tun da na zo. Muka bar gidajen kamfani muka koma Arlit, unguwar Bukoki, ni da uwargidana, da ɗan namu da matarsa da jaririyarsu. Wata bakwai yana neman abin yi. A lokacin duk wani mai ƙarfi hankalinsa yana wajen haƙar zinariya can arewa maso gabas, bayan hamadar Tenere. Aka ce masa masu injin ba da wuta suna neman irinsa ido rufe. Ban hana shi ba. Da me zan hana shi?

Da hantsi ya tashi. Uwarsa ta juya baya tana tankaɗe, wai ba ta san ana tafiya ba. Ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro lambar yana murmushi.

"Baba, ga ta. Fitila fa?"

Na shiga na ɗauko tocilata na miƙa masa. Na ce, "Ɗari huɗu da sha biyu, a sauka lafiya."

Ya ce, "A riƙe mini da kyau, in na fito zan karɓa."

Bayan ya tafi na sami ƙusa na kafa a jikin bango, dama da ƙofar ɗakina, na rataye ta.

Ya ce tafiyar kwana huɗu ce, zai kira in sun isa. Kwana huɗu ya wuce, goma ya wuce. Waɗanda suka tashi bayansu suka isa suka kira gidajensu. Aka sanar da jandarma. Maƙwabcinmu wani tsohon Ba'abzine ne, direba, wanda ya san hamada kamar tsakar gidansa, yana cikin waɗanda suka fita nema. Sau biyu suna dawowa hannu banza. A na uku, wata biyu bayan tafiyar, ya zo ya same ni a ƙofar gida, bai ko kwance rawaninsa ba. Ya zauna a ƙasa ya daɗe yana zane a rairayi da yatsa.

"Mota mun gani," in ji shi. "Ta saki hanya da nisa. Mutum tara muka rufe a wurin."

Na ce, "Shi fa?"

"Ba ya cikinsu. Na san fuskarsa. Sawun mutum huɗu ya yi gabas, mun bi, iska ya share." Ya ɗago ya dube ni. "Malam, gabas ɗin nan babu rijiya. Ka yi haƙuri."

Abin da kunnena ya ɗauka ke nan: ba ya cikinsu. Sauran maganar na bar ta a nan ƙasa tare da zanensa.

Gidajen sauran mutanen suka shimfiɗa tabarmi, har da na ukun da suka bi sawu ɗaya da shi. Aka yi musu salla, aka yi uku, aka yi bakwai. Na je kowane gida na yi gaisuwa. Nawa gidan kuwa ban yarda an fitar da ko buzun zama ba. Mutane su zo su tsaya a ƙofa, su rasa abin faɗa, su ce ya muka ji da zafi, su tafi.

Ran nan uwargidana ta same ni ina shan shayi. Ta ce, "Malam, a shimfiɗa tabarma."

"Tabarmar me?"

"Mutane ba su san abin da za su ce mana ba."

"Su ce sannu da jira."

"Sauran gidajen duk sun yi."

"Su suka sani. Ni ba a nuna mini kome ba." Na nuna mata ƙusar da haɓa. "Lamba tana sama."

Ta dubi ƙusar ta dube ni. "Nan gida ne, Malam. Ba kamfani ba ne."

Na ce mata Allahn da muke bi ba a yanke masa hukunci, mai ta da matattu bai gaza fitar da mai rai daga rairayi ba. Ta juya ta koma ɗaki. Fastonmu ma ya zo, wani matashi mutumin Dogon Dutsi, ya ce ko da addu'ar godiya ce saboda rayuwarsa a yi. Na ce, "Fasto, ka taɓa ganin an yi makokin mutumin da ke bakin aiki?" Ya girmama furfurata ya tashi. A lokacin na ɗauka na fi su duka bangaskiya. Ana ta kawo labarai kuma, wai an ga wani bayan shekara a wajen makiyaya, wai wani yana tsare a ƙetaren iyaka ba a sani ba. Duk wanda ya kawo irin wannan labari sai na dafa masa shayi.

Bazara biyu matan nan suka yi da ni a haka. Surukata ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, tana dafa abinci tana goyon 'yarta, idonta kullum a ƙasa. Da iyayenta suka aiko ta je gida ta huta, uwargidana ta ce za ta raka ta. Na ga irin ɗaurin kayan da ta yi, na san ba rakiya ba ce. A tasha, kafin ta hau mota, ta ce mini a hankali, "A gidan nan ka hana ni kuka, dariya kuma ba ta yiwuwa. Zan je inda zan iya yin ɗaya." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ta ce in na gaji in taho.

Ban taɓa zama ni kaɗai ba sai a lokacin. Ban iya tuwo ba, sai na koma shinkafa da wake, in dafa ta rana in ci har ta gobe. Tsakar gidan ta yi faɗi. Turmin uwargidana yana nan a kife a inda ta bar shi, wata kaza ta maƙwabta ta mai da gindinsa wurin kwanciya, ban kore ta ba don ita kaɗai ke motsi a gidan. Garin ma yana ta raguwa. Kowane mako sai ka ga an ɗora katifu da ƙofofi a kan babbar mota an yi kudu. A majami'armu, a da sai mutum ya zo da wuri yake samun benci, ga 'yan Bene da 'yan Togo da namu na Maradi, mata suna kaɗa tulu suna waƙa har a ji su a bakin titi. Aka wayi gari mu takwas ne, wani lokaci shida. Gangar majami'ar tana jingine a lungu, fatarta ta tsage don bushewa.

Kullum la'asar sai in taka zuwa inda motocin 'yan zinariya ke sauke mutane. Suna saukowa fuska a naɗe, da manyan tabarau, kowa launin ƙasa. Kafin mutum ya kwance rawani kowannensu shi ne. Sai ya kwance, ya zama ɗan wani. Masu lodi suka san ni, suka riƙa ba ni benci, suna ce mini Baba mai jira. Ba da mugunta suke faɗa ba. In motar ƙarshe ta watse in tashi in koma, in dubi ƙusa kafin in shiga ɗaki.

Addu'ata ta koma guda ɗaya, a maido shi. A cikin addu'ar da muke yi tare ran Lahadi akwai wurin da mutum ke sa nufin Allah a gaban nasa. In an zo nan sai in rufe baki, in bari a wuce, in kama daga gaba. Na zaci ba wanda ya lura. Ko karatu na koma yi da zaɓe, in buɗe inda aka ga abin da ya ɓata in karanta in maimaita, inda aka yi rashi aka haƙura kuwa in tsallake. Ban daina gaskata akwai Allah ba ko na rana ɗaya. Amincewa da shi ce na daina, ina tsaye a kansa kamar yadda ake tsayawa a kan ma'aikacin da ake tsoron zai yi sakaci.

Bayan shekara huɗu surukata ta aiko mini da saƙon murya a waya. Ta yi gaisuwa mai tsawo yadda ya kamata, sannan ta ce, "Baba, dattawan majami'a sun ce ba za su ce kome a kaina ba sai abin da ya fito daga bakinka. Ni ba gaggawa nake yi ba. Ina so ne in san ko ni matar aure ce ko gwauruwa. Yarinyar ma ta fara tambaya, ban san me zan ce mata ba." Uwargidana ta riga ta gaya mini akwai wani malamin makaranta da matarsa ta rasu, mutumin kirki, ya yi magana, an ce ya dakata. Na saurari saƙon nan ya fi sau ashirin. Mako uku ban amsa ba. In na ce ya mutu, na sauke lambarsa da hannuna alhali ban ga fitila ba. In na yi shiru, na rataye yarinyar mutane a ƙusa ɗaya da shi.

Ana cikin haka sai ga Bazabarme wata safiya, ya zo sallama, gobe zai koma Doso gaba ɗaya. Ya tsufa, haƙoran goron sun zube saura kaɗan. Tun daga ƙofa yake ɗaga murya.

"Ina bawana? An ce matarka ta gudu ta bar ka, na ce ai ta yi haƙuri ma da ta kai yanzu."

"Shigo, bawa ba ya sallama a gidan ubangidansa."

Na hura gawayi na ɗora shayi. Muka taɓa hirar mutanen da, wane ya rasu, wane ya koma Tawa, wane ƙafa ta hana shi fita. Yana cikin kurɓa sai idonsa ya kai kan bango. Ya ajiye kofin. Ya tashi ya je ya duba lambar, ya juya ta da yatsa.

"Ɗari huɗu da sha biyu," in ji shi. "Tun yaushe?"

"Shekara huɗu, da wata biyu."

"Wa ya karɓe ka?"

Ban gane ba, na ce, "Karɓa kamar yaya?"

"Aiki. Wa ka miƙa wa?" Ya dawo ya zauna. "Kai bawana, a ɗakin fitila ka taɓa ganin mutum ɗaya ya yi shekara huɗu a taga? Awa takwas ne, ka miƙa, ka tafi. In ka wuce haka idonka ya fara ganin lambar da babu. Shef ma korarka zai yi."

Na ce, "Dokar ita ce ba a tashi sai an san inda yake."

"Ƙarya kake. Ɗaki ne ba a rufewa. Mutum yana tashi. Kai dai tun can ba ka taɓa miƙa wannan ba, ni nake faɗa maka sunan, ka fita ka zauna a benci kamar ban gan ka ba. Ina ganinka ta taga. Shekara shida kana raina mini aiki."

Na ce, "To yanzu in miƙa wa wa?"

Ya buɗe baki yana kallona. "Kai da kake zuwa ɗakin sujadarku kowace Lahadi da littafi a hammata, ni kake tambaya? Lalle Bagobiri sai addu'a." Ya ɗauki kofinsa ya shanye. Da zai fita ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce in yafe masa, na ce shi ma ya yafe mini. Ban sake ganinsa ba.

Kwana huɗu ya rage kafin Lahadi. A cikinsu ban je tasha ba. Na zauna ina duban abin da na daɗe ina kira bangaskiya, na ga benci ne kawai a bayan bango. Miƙa aiki ba ya nufin ka ce mutum ya mutu, ba ya nufin ka ce yana da rai. Cewa kake yi ga shi nan, ban san inda yake ba, daga yanzu a wuyanka yake. Kuma ba a miƙawa sai ga wanda ka yarda ba zai yi barci ba.

Ran Lahadi na sa farar rigata. Na ciro lambar daga ƙusa, ta bar zagayen tsatsa a bango. Mu bakwai ne a majami'a. Bayan wa'azi fasto ya tambaya ko akwai mai roƙon addu'a, na tashi na je gaba. Na ce musu ni ba mai yawan magana ba ne, aiki na zo miƙawa. Na bayyana musu yadda muke yi a ɗakin fitila, a taƙaice, don yawancinsu ba su taɓa aikin rami ba. Sannan na ɗora lambar a kan teburin da ke gaba, na sa yatsa a kanta.

Na ce, "Ya Ubangiji Yesu, ɗari huɗu da sha biyu."

Sai harshena ya ƙi. Shekara talatin da takwas sunan nan yana cikin bakina bai taɓa fita ba. Na ji kunya ta rufe ni kamar na tuɓe a kasuwa. Duk da haka na faɗe shi. Muryata ta fito ƙarama, na sake faɗa da ƙarfi yadda doka ta ce.

Na tsaya ina jira, don a aikinmu sai an maimaita. Ba abin da na ji sai ƙarar kwanon rufi da rana ta fara dukansa. Fasto ya sunkuyar da kai. Na daɗe a tsaye. A nan na gane wannan karon ba za a maimaita mini a kunne ba, kuma duk da haka sai in ɗauke yatsana. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na ɗauke. Wata tsohuwa 'yar Bene da ke sayar da ƙosai ta ce amin, sauran suka bi. Da muka zo addu'ar da muke yi tare, na faɗe ta duka, har wurin da nake tsallakewa, ko da yake a nan muryata ta karye.

Da na koma gida na fitar da tabarmi uku na shimfiɗa a ƙofa. Ba'abzine ne ya fara gani. Bai tambayi kome ba, ya shiga gidansa ya fito da butar shayi da gawayi ya zauna a gefena. Kafin la'asar masu lodin tasha sun zo, da limamin unguwa, da mutanen da ban san sun san ni ba. Kowa ya ce ya haƙuri, na ce haƙuri sai ma'abucinsa, da godiya. Kwana uku muka zauna.

A ranar farko na kira surukata na ce mata, "'Yata, na sake ki da hannu biyu. Ki gaya wa dattawa daga bakina ne. Yarinyar kuma ki ce mata ubanta yana hannun Allah, in ta ƙara girma ni zan ba ta sauran labarin." Ta yi kuka, ta ce ta gode. Sannan aka ba uwargidana wayar. Na gaya mata abin da na yi a majami'a.

Ta ce, "Ka faɗi sunan?"

"Na faɗa."

"Da bakinka?"

"Sau biyu."

Sai na ji ta ja numfashi, ta faɗe shi ita ma, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana ta. Daga nan kukan ya zo. Na riƙe wayar a kunne har ta gama, ban ce ta yi shiru ba.

Lambar na bar ta a majami'a. Fasto ya kafa mata ƙusa a bangon gabas, ya ce in rubuta wani abu a ƙasa. Na yanki 'yar takarda na rubuta sunan da ajami na liƙa. Na yi wata biyu ina tattara 'yan kayana, na bar wa Ba'abzine turmin da kazar da ba tawa ba, na hau motar kudu.

Yanzu ina ƙauye, ni da uwargidana. Ba zan ce na daina jin ƙarar mota ba, in ta tsaya a bakin hanya da la'asar kaina yakan ɗago da kansa. Ban san inda ya kwanta ba, ban kuma sa rai zan sani a duniyar nan ba. In abin ya taso mini sai in tuna ba ni ke taga ba, in ɗauki fartanyata in tafi gona.